Bayan risiba nake fara dubawa

Har yau idan na tuna daren nan ina jin warin a hancina. Wari ne mai kauri, kamar an ɗiga fenti a kan garwashi. Lokacin hunturun 2022 ne, bayan sallar isha'i. Na shigo da risibar da na yi wata shida ina tara kuɗinta, wato injin da ke raba sautin talabijin ga sifikoki, na ɗora ta a kan tebur, na zura fuloginta cikin ɗan adaftan da mai shago ya haɗo mini da shi, na danna. Fitilar gabanta ta kawo, ta yi ɗan ƙugi, sai ji muka yi tas. Yara suka ja da baya. Baba, wanda dominsa aka yi sayayyar, yana zaune a kujerarsa da carbi a hannu, ya ce, "Kashe daga bango tukuna." Na kashe. Wani siririn hayaƙi na fita ta ramukan samanta.

Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya a Sabon Gari. Ko noti ɗaya bai kwance ba. Juya ta kawai ya yi, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan rubutu kusa da inda wayar wuta ta fito: 120V, 60Hz. Ya ce, "Alhaji, wannan ai 'yar Amurka ce. Wutarmu 230 ce. Ka ɗura mata kusan ninkin abin da cikinta zai ɗauka." A shagon da na saya an gwada mini ita, ta yi aiki lafiya lau, domin teburin gwajinsu yana kan taransifomar rage wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira sitefdawun, kuma ba wanda ya ce mini uffan. Ban ce da gangan aka yi ba. Amma taransifomar cikinta ta tafi, ta ja wasu abubuwa sun bi ta, kuɗin gyara kuma ya tasam ma kuɗin saye. Daga ranar, duk risibar da aka nuna mini, sai na juya ta na karanta bayanta kafin in kalli fuskarta.

Abin da ya kai ni neman risiba tun farko shi ne kunnen Baba. Da ya dawo gidana da zama yana da shekara 74, mun lura cewa kallon talabijin ya zame masa wahala. Mutum ne mai son labarai da ƙwallo da shirye-shiryen namun daji, amma kalmar da ta fi yawa a bakinsa a falo ita ce "ƙara". A ƙara sauti har gilashin taga ya riƙa rawa, mai ɗakina ta kwashe yara su koma ɗaki, shi kuwa har yanzu yana karkato da kai yana tambayar me aka ce. Likitan kunne ya yi mana bayanin da ya warware mini komai. Jin tsufa daga sama yake fara zubewa, wato sautuka masu kaifi su ne ke fara ɓacewa. A can ne kuma baƙaƙe irin su s da f da sh da ts suke zaune. Shi ya sa Baba yake jin murya sarai amma ba ya kama kalma: wasulan suna isa kunnensa, baƙaƙen da ke raba "sara" da "fara" da "tsara" sun faɗi a hanya. An ba shi na'urar taimakon ji, yana sa ta idan zai fita masallaci ko taro, amma a gida cire ta yake yi. Talabijin na zamani kuwa, saboda sirantarsa, sifikokinsa 'yan mitsi-mitsi ne, suna kallon ƙasa ko bango. Ƙara musu ƙarfi ƙara hayaniya ne kawai.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi, wato hom tiyatar nan ta cikin kwali ɗaya, mai sifikoki biyar da wufa. Ta cika gida da dum-dum, yara suka yi murna, Baba ya ce yanzu ma ya fi rashin ji. Gaskiyarsa ne, domin gurnanin wufar ya danne ɗan abin da ya rage na kaifin magana. A nan ne wani abokin aikina ya ce mini abin da nake buƙata shi ne inji da zai ba ni iko a kan murya ita kaɗai, in ɗaga ta ba tare da na ɗaga kiɗa da harbe-harbe ba. Wannan injin shi ne risiba.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, akwati ce baƙa mai nauyi, kuma aiki uku take yi. Mahaɗa ce: dikoda da na'urar wasan yara da duk abin da ke da HDMI a jikinta ake zurawa, ita ta miƙa hoto ga talabijin. Sannan ita ke warware sautin da aka ƙulle a cikin fim, ta raba shi layi-layi. Sannan amfilifaya ce, ita ke ba kowace sifika ƙarfin da za ta yi magana. Sunan ma daga rediyon da ke cikinta ya samo asali, tun zamanin da ake haɗa amfilifaya da rediyo a akwati ɗaya. Idan ka ga an rubuta 5.1, ana nufin layi biyar da wufa ɗaya: hagu da dama a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a gefen mai kallo. Tsarin ya bazu a gidajen sinima da zuwan Dolby Digital a 1992, DTS ta biyo baya a 1993, DVD kuma ya shigo da shi falon mutane. A wannan tsari kusan duk maganar da 'yan wasa ke yi ta layin tsakiya take fitowa. Layin nan guda ɗaya shi nake nema wa Baba.

To, a koma bayan akwatin. Abu na farko shi ne wuta, kuma na riga na faɗi yadda na koye shi. Kayan Beljiyam da ke shigowa ta Legas su watsu zuwa kasuwanninmu a gauraye suke. Na Amurka da Kanada 120 ne, na Japan 100 ne, na Turai 230 kamar namu. Na Ingila ya fi kowanne sauƙi, don har fulogin ma irin namu ne mai ƙafa uku, haka ma mafi yawan abin da ake sarowa daga Dubai. Akwai 'yan kaɗan masu ɗan makunni a baya da ake juyawa tsakanin wuta biyu, sai a tabbatar yana kan 220 zuwa 240 kafin a kai hannu ga soket. Za a ce maka ai sitefdawun na maganin 'yar Amurka. Tana yi, amma da saura. Tana rage ƙarfin wutar ne kawai, ba ta mai da 50Hz ɗinmu 60Hz, kuma taransifomar da aka naɗa don 60 ta fi ɗaukar zafi a kan 50. Ga kuma ranar da wani yaro ko mai shara zai zare fulogi ya mayar a soket ɗin bango kai tsaye. A gidan da mutane ke da yawa, wannan ranar tana zuwa. Ni dai na yanke cewa ba zan sake shigo da inji mai 120 gidana ba, komai arhar sa.

Abu na biyu shi ne wat, kuma a nan aka fi cutar mai saye. Hom tiyatar da na fara saya an manna mata takarda mai ƙyalli da lamba mai sifili uku. Da na juya bayanta, wutar da take ja daga bango ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan lamba ba. Inji ba ya fitar da ƙarfin da bai ja ba. Lambar baya ba ma'auni ba ce ta daidai-wa-daida, amma idan tazarar ta kai haka, ka san ta gaba ado ce. Duk inda ka ga haruffan PMPO kusa da lambar wat, ka ɗauke ido. Kamfanoni masu mutunci ma suna da lamba biyu. Babbar, wadda ke jikin kwali, an auna ta da layi ɗaya tak yana aiki, a kan sauti guda, har an bar shi ya fara dagulewa. Ta gaskiyar tana cikin takardar bayani da ƙananan haruffa, kuma tana zuwa da sharuɗɗanta a jere: wat kaza, a om 8, daga 20Hz zuwa 20kHz, layi biyu suna aiki tare, dagulewar sauti ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari. Wannan lambar ce kaɗai za ka iya ɗora ta kusa da ta wani kamfani ka kwatanta.

Da na fahimci haka sai na fahimci wani abu da ya fi ba ni mamaki, wato yawan wat ɗin ma bai kai yadda nake zato muhimmanci ba. Idan ka ninka ƙarfin amfilifaya, desibel 3 kawai za ka samu ƙari a ma'aunin ƙarar sauti, abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wanda ke buƙatar ƙarfi ninki goma. Ke nan tsakanin risiba mai wat 80 da mai 100 bambancin bai cika desibel ɗaya ba, amma a kasuwa bambancin kuɗinsu zai iya sayen sifika mai kyau. Sifikokin gida da yawa suna ba da desibel 86 zuwa 90 da wat ɗaya kacal idan kana tsaye mita ɗaya daga gare su. Wannan ya riga ya wuce ƙarar da ya kamata kunne ya daɗe a cikinta, tunda masana lafiyar ji suna gargaɗi a kan wuni a cikin desibel 85. A falo irin nawa, mita biyar da huɗu, yawancin kallonmu 'yan wat ƙalilan ne ke ɗauke da shi, sauran ajiya ce don lokacin da tsawa ko bindiga za ta tashi a fim. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kusa da maɗauran wayoyin sifika akwai wani rubutu da mutane ke tsallakewa, shi ne om, ma'aunin tirjiyar da sifika ke yi wa wuta. Wata risibar za ta ce 6 zuwa 16, wata 4 zuwa 16. Ni na so in yi tattali in haɗa sifikokin tsohuwar hom tiyatata, sai dattijon nan ya juya ɗaya ya nuna mini: om 3. Irin waɗannan an ƙera su ne don injinsu kaɗai. Idan ka ɗaura su a risiba za su ja wuta fiye da ƙima, ta yi zafi, ta riƙa kashe kanta don kare kanta, wata rana kuma kariyar ta makara. Wufar ma ba ta shiga, don ba ta da amfilifayarta, risiba kuwa ramin wufarta sigina kawai yake fitarwa, yana jiran wufar da ke da fulogin wutarta. Wanda zai sayi risiba ya sa a lissafi cewa sifikoki ma sabon saye ne. Idan kuɗin bai kai ba, shawarata a fara da uku na gaba, hagu da dama da tsakiya, a bar na gefe da wufa sai hali ya yi. Haka na yi, kuma ta tsakiyar na fi kashe wa kuɗi.

Sai yawan layi. A shago za a nuna maka 7.1 da 9.2 da tambarin Dolby Atmos, a sa ka ji kamar mai biyar ya zama tsohon yayi. Kafin ka amsa, ka tuna falonka. Mu falonmu na Hausa kujeru a jikin bango suke, an zagaye ɗakin da su, tsakiya a buɗe don baƙi da cin abinci da sallar mata. Sifikoki biyun da 7.1 ta ƙara a kan 5.1 bayan mai kallo ake ajiye su, da ɗan tazara. Idan ƙeyarka na taɓa bango, ina za su zauna? A tsarin biyar, na gaba suna buɗewa kamar digiri 30 hagu da dama daga inda kake zaune, na gefe kuma suna zama dab da kafaɗa ko ɗan baya kaɗan, sama da kunne. Wannan ana iya yinsa ko da kujera na jikin bango. Atmos, wanda ya shiga sinima a 2012 ya iso gidaje a 2014, yana ƙara sauti daga sama, kuma na ji shi a gidan wani abokina da ya huda silin ɗinsa ya binne sifikoki, ruwan sama a fim kamar a kan kwanon gidan yake sauka. Abu ne mai daɗi ƙwarai. Amma gidan haya nake, ga fanka a tsakiyar silin tana juyi wata tara a shekara.

Tambayar da ta fi wannan ita ce: me ake kallo a gidan? Na zauna na lissafa namu na mako guda. Labarai, tafsiri da karatun Alƙur'ani, ƙwallon Ingila da na Sifen, finafinan Hausa masu dogon zango a YouTube, fassarar Indiya wadda yara da mamansu ba sa bari ta wuce, sai fim ɗin Turawa ɗaya ko biyu a Netflix ranar Asabar. Mafi yawan wannan layi biyu ne, wani ma ɗaya. Sautin 5.1 na ainihi sai a Netflix da wasu tashoshin dikoda, Atmos kuwa sai ka biya babban tsarinsu kuma datarka ta jure. Da farko wannan lissafi ya kashe mini jiki, na ce to me amfanin layin tsakiya idan abin da Baba ke kallo ba shi da layin tsakiya? Ashe akwai amsa. Risiba tana da dabarar da ke ɗaukar sauti mai layi biyu ta shimfiɗa shi a kan sifikoki biyar. A tsofaffi sunanta Pro Logic II, a sababbi Dolby Surround ko DTS Neural:X. Abin da take yi shi ne duk sautin da ya zo daidai wa daida a hagu da dama, sai ta tura shi tsakiya. Muryar mai karanta labarai da ta ɗan wasa kusan kullum haka ake naɗar su. Don haka ko a fim ɗin Hausa, magana tana tattaruwa ta koma sifikar tsakiya, ni kuma ina da ikon ɗaga ta. Abin da ba ta iya yi shi ne gyara sautin da aka ɗauka da iska na kaɗa makirufo, ko ƙarar janareta a bayan 'yan wasa. Wannan sai dai ta fito da shi fili. Na lura kuwa masu shirya finafinanmu na baya-bayan nan sun ƙara kula da ɗaukar murya, kuma a kan sifika mai kyau ne za ka gane wa ya kashe kuɗi a sauti, wa ya bar shi ga Allah.

Karatun Alƙur'ani kuwa a layi biyu nake barinsa, ba na son a watsa muryar mai karatu ta bayan kunnena.

Ramukan HDMI su ne wurin da tsofaffin risibobi ke faɗuwa, kuma abin na ba ni takaici, don wasu daga cikin na shekarun 2000 ɗin nan, masu nauyin da sai ka sa hannu biyu da ƙirji, sautinsu ya fi na sababbi masu arha. Amma wasu ba su da HDMI sam, wasu kuma suna da shi amma ba ya wuce da hoton 4K. Idan talabijin ɗinka 4K ne kuma kana son komai ya bi ta risiba, nemi rubutun HDCP 2.2 ko 2.3 a gefen ramukan. Sannan a ramin da ke fita zuwa talabijin nemi ARC ko eARC. Wannan ne ke ba talabijin damar mayar da sautin YouTube da Netflix na cikinsa zuwa risiba ta waya ɗaya. ARC ya zo da HDMI 1.4 a 2009, eARC ya zo da HDMI 2.1 a 2017, kuma shi ne mai faɗin da ke ɗaukar manyan sautuka irin na faifan Blu-ray. Ga mai kallon intanet da dikoda, ARC ma ya isa. Wanda ya samu tsohuwa mai lafiya a farashi mai kyau kada ya raina ta: ya zura komai a talabijin, ya ja wayar haske, wadda ake kira oftikal, daga talabijin zuwa risiba. Tana ɗaukar Dolby Digital 5.1 cif. Abu ɗaya da ya ci mini kwana biyu shi ne saitin talabijin. Idan fitar sautinsa na kan PCM, sau da yawa layi biyu kawai zai turo. Sai ka shiga ka mayar da shi Bitstream ko Passthrough, ko Auto a wasu, kafin ka ga kalmar Dolby ta bayyana a fuskar risiba.

Dattijon nan ya faɗa mini wata magana da ta sauya yadda nake kallon Beljiyam. Ya ce ɓangaren amfilifaya ko ya ƙone yana iya tashinsa, don kayan gyaransa na kasuwa. Amma allon HDMI idan ya mutu, sai dai a nemo wata gawar a ciro nata. Kuma abu biyu ke kashe shi, zafi da tsawa. Saboda haka idan za ka sayi ta hannu, kada ka yarda da gwajin minti biyu da waƙar Bluetooth. Ka sa a haɗa talabijin, a bi ramukan HDMI ɗaya bayan ɗaya, a ɗaura sifika a kowane layi a saki sautin gwaji, a bar ta a kunne rabin awa ta yi ɗumi, don wani ciwon sai jiki ya yi zafi yake fitowa. Ka tambayi rimot ɗinta na asali da ɗan makirufonta na awon sautin ɗaki. Yawancin na gwanjo sun rabu da makirufon a hanya, kuma kowane kamfani da irin nasa.

A ƙarshe tsakanin biyu na tsaya. Yamaha RX-V4A mai layi biyar, wadda da ta ishe ni, da Denon AVR-X1700H mai layi bakwai. Dukansu wat 80 ne a awon gaskiya. Na ɗauki Denon ɗin ne don ƙanin mai ɗakina da ke karatu a Ingila ya samo ta hannun wanda ya yi amfani da ita 'yan watanni, da kwalinta da makirufonta, 230V a rubuce a baya, na sa ya ɗauko mini hoton rubutun kafin ya biya. Tana karɓar om 4 zuwa 16, tana da ramukan HDMI shida na shiga, da eARC. Layi biyun da ta ƙara a kan biyar na nan ban ɗaura musu komai ba har yau, kuma ba su dame ni ba.

Da ta iso a 2023 ban kunna ta a ranar ba. Sai da na sayi sitabilaiza ta musamman dominta, mai jinkirin nan da ke riƙe wuta 'yan daƙiƙoƙi bayan an kawo, don bugun farko na dawowar wuta shi ne mugu. Inbatar gidan na tabbatar mai tsarkakakkiyar wuta ce, wadda masu sola ke kira fiyo sayin, domin ɗaya nau'in mai arha yana sa taransifoma kuka da zafi. Ban sa ta cikin durowar gilashin da ke ƙarƙashin talabijin ba, duk da mai ɗakina ta so hakan don kyan gani. A watan Afrilu zafin Kano na haura digiri 40, injin kuma ko ba ya komai yana da ɗuminsa. A saman katako take, a buɗe, ba a ɗora mata dikoda ko kyallen ado a ka, na kuma jingina mata 'yar fankar USB tana zuƙe zafin. Da hunturu, idan an kashe ta ta huce, ana rufe ta da mayafi saboda ƙura. Da damina, da an ga hadari ya haɗo, babban ɗana ya san aikinsa: ya zare fulogi, ya zare wayar HDMI da ta fito daga dikoda, don tsawa ta kan bi wayar dish ta shigo, sitabilaiza kuwa ba ta tsaron wannan ƙofar.

Awon ɗaki na bari sai ƙarfe ɗaya na dare. Kowane kamfani da sunan nasa: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer. Ana kafa makirufon a daidai tsayin kunne, risiba ta riƙa sakin wani sauti kamar bulala ta kowace sifika, tana sauraron yadda ɗakin ke mayar da shi, ta auna nisa da ƙarfi, ta rage inda bango ya kumbura sauti. Tana son shiru na gaske, shi ya sa na jira janaretocin maƙwabta suka mutu, na kashe fanka da firji, na zauna cikin zufa ina matsar da makirufon wuri takwas. Wurin farko, wanda ake gina komai a kansa, ban sa shi a tsakiyar doguwar kujera ba. A kujerar Baba na sa shi. Awon ya kuma tona asirin falon: tayil a ƙasa, siminti a bango, amsa-kuwwa ko'ina. Babu injin da zai hana tayil mayar da sauti. Washegari muka shimfiɗa babban kafet tsakanin talabijin da kujeru, muka sauya labule da mai kauri, na sake awon a daren. Canjin da kafet ɗin nan ya kawo wa tsabtar magana ya fi wanda ƙarin wat 50 zai kawo.

Daga nan na gyara abu uku da hannuna. Na sa duk sifikokin a matsayin ƙanana, na yanke su a 80Hz, yadda duk gurnanin da ke ƙasa da haka zai koma wufa, wadda na saya daga baya kuma na rage mata ƙarfi sosai. Na jawo sifikar tsakiya zuwa bakin katako, na ɗan ɗaga gabanta da roba ta kalli kunnen mai zaune, na ƙara mata desibel 4. Sannan na kunna Dynamic Volume a matsakaici, wanda ke ɗaga raɗa ya danne fashewa, don kada tallan da ke shigowa tsakiyar shiri ya firgita mutum, kada kuma sautinmu ya tsallaka katanga lokacin da maƙwabta ke barci ko ake salla a masallacin layinmu.

Da magariba ta wuce Baba ya zauna kallon labaran ƙarfe takwas kamar kullum. Ban ce masa na taɓa komai ba. Na sa lambar sautin ƙasa da inda ya saba, na koma gefe ina jiran kalmar nan tasa. Mai ɗakina na bakin ƙofar kicin, ita ma jira take. Aka karanta kanun labarai, aka shiga rahoton farko, yana jan carbinsa, kansa a miƙe bai karkato ba. Da aka zo wani rahoto a kan farashin taki sai ya yi tsaki ya ce wannan lissafin nasu bai yi ba, ya kawo nasa. Na ce, "Baba, kun ji abin da ya ce ke nan?" Ya dube ni ya ce, "Da Hausa fa yake magana." Can an jima, ana cikin labarin wasanni, ya ɗago hannu ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Rage kaɗan, yaran nan na karatu."